Kwana Uku Ba Wanke-Wanke

Shekara talatin da huɗu Bartul ya yi yana tuƙa bas a hanyar bakin teku, daga Split zuwa Dubrovnik, ya kwana, ya juyo. In zai tafi, tekun na damansa. In zai dawo, yana hagunsa. Amma ka tambaye shi launin ruwan nan, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce a tambayi fasinja, su ke da lokacin kallo. Shi kwalta ya sani. Ya san inda ta tsage bayan Brela, ya san kwanar da muguwar iskar dutse take laɓewa tana jiran manyan motoci, ya san gidan da kajinsa ba su taɓa koyon tsallaka titi ba. Ranar da ya ajiye aiki abokai suka ba shi kyautar agogo. Ya duba, ya ce agogon na latti da minti ɗaya.

Matarsa Perina ita ma ta yi nata zaman da teku ba tare da sun ga juna ba. Shekara ashirin da shida, duk lokacin zafi da baƙi ke cika garin, tana kicin ɗin wani otal da ke bakin ruwa. Tagar da ke gabanta ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma kwandunan shara take kallo. Faranti ya fita da kifi, ya dawo da ƙaya, ta wanke. Da yamma ta hau zuwa ƙauyenmu na bayan dutse, inda ƙamshin gishiri kawai ke iso mu, ta tarar da wasu farantan na jiranta.

Wata rana a ƙarshen Maris, sanyi ya fara tattara kayansa, itatuwan almon sun yi fari kamar an zuba musu gari, Perina na yanka ganyen blitva, wani irin alayyafo, a tebur, ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

"Tsoho, wata mai zuwa shekara arba'in ke nan."

"Da me?"

"Da na yi kuskure a coci, gaban mutane."

Bartul ya sauke jarida.

"Ina so ka kai ni yawo," ta ce. "Kwana uku, kafin baƙi su zo su cika hanya. Mu bi bakin teku har Ston. In zauna a tebur mai farin mayafi, fuskata na kallon ruwa, wani da bai san sunan uwata ba ya kawo mini abinci. In na gama, in tashi in bar farantin a wurin, kamar Bajamusa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba wanke-wanke."

Bartul ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari. Abu ne mai sauƙi a ganinsa, mutumin da ya kai dubban mutane inda za su. Sai da ya shimfiɗa taswira a teburin kicin, ya ɗauki jan fensir, sannan ya gane inda gizo ke saƙar.

A wajenmu, mutum na iya wuce coci bai yi alamar gicciye ba, Allah ya yafe masa. Amma ya wuce ƙofar ɗan'uwa bai shiga ba, wannan sai dai jikoki su sasanta. Akwai wani ɗan kawun Bartul da ya yi haka tun kafin yaƙi, yana sauri zai kai matarsa asibiti haihuwa, yarinyar da aka haifa yanzu likita ce, amma har yau in an ambaci ubanta sai a ce, "Wanda ya wuce?" Kuma shiga gida na nufin cin abinci. Cin abinci kuwa na nufin a dubi matar da ta zo a ce, "Ke ai ba baƙuwa ba ce," a miƙa mata tsumma.

Ya bi hanyar da fensir, duk inda yake da dangi ya ɗiga ja. Tsakanin Omiš da inda kogin Neretva ke shiga teku, ɗigo goma sha bakwai. Taswirar ta koma kamar mai ƙyanda.

Shi ya jawo wa kansa rabin wannan. Yayar babansa, Teta Mande, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, gidanta kuma na saman wata muguwar kwana. Ranar da ya fara tuƙi ta ce ba za ta iya barci ba sai ta san ya wuce wurin da rai. Sai ya riƙa danna mata hon: biyu gajeru, ɗaya dogo. Da sauran dangi suka ji, kowa ya ce shi ma ai yana da kunne. Haka ya zama hon goma sha bakwai a tafiya, goma sha bakwai a dawowa, shekara talatin da huɗu. Akwai matan da da wannan hon suke ɗora tukunya.

Ya naɗe taswirar ya sauka Omiš wajen Bepo, wanda ya tsaya masa ranar aure, suke ce wa juna Kume tun daga lokacin. Bepo na shekararsa ta ƙarshe a kan bas ɗin hanyar. Suka zauna a wurin shan kofi, kofi ɗaya-ɗaya, na awa biyu.

"Ka bi babbar hanya ta bayan duwatsu," in ji Bepo. "Ba ka da kowa a can sai ƙadangaru."

"Ba a ganin teku."

"To ku hau jirgin ruwa."

"Mai kama igiya ɗan ƙanwar Perina ne."

"Ku yi arewa."

"Arewa nata dangin. Sun fi nawa yawa, sun fi nawa girki."

"Ku tashi da asuba."

"Masunta na dawowa, tsofaffi na tafiya coci. Teta Mande ƙarfe biyar tana ba tumatirinta ruwa."

"Da hantsi?"

Bartul ya nuna masa teburan da ke kewaye da su. Duk mazan garin na zaune, fuskokinsu na kallon titi, ba motar da ke wucewa ba a faɗi sunan mai ita da na ubansa ba.

"Da yamma kuwa kowa ya fito yawon shan iska," in ji Bepo. "Kume, ka saya mata injin wanke kwanuka ka huta."

Bartul bai yi dariya ba. Yana kallon agogon coci, sai fuskarsa ta fara washewa a hankali.

"Ƙarfe biyu," ya ce.

Bepo ya ajiye kofi.

Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, bakin tekun nan mutuwa yake yi. An ci abincin rana, an rufe tagogin katako, karnuka sun miƙe ƙafa, ko limamin coci ba ya amsa ƙofa. Ɓarawo ma ba ya sata a lokacin, shi ma yana kwance. Awa biyu cur, kuma daga ƙofar gidansu zuwa ɗigon ƙarshe, in ba a tsaya ba, awa ɗaya ne da minti arba'in da takwas.

Mako uku Bartul ya yi yana shiri, kamar mai shirin tsallaka iyaka da kayan sumoga. Ya ja layi a takarda ya rubuta jadawali: tashi biyu da minti biyar, gidan Luce, ta farko a jerin dangi, biyu da sha tara, kwanar Teta Mande biyu da talatin da ɗaya. Ya ware minti huɗu na ko-ta-kwana, saboda kajin nan. Ya sa 'yarsu da ke aure a Munich ta kama musu ɗaki a Ston ta waya, da sunan mijinta, don kada mai otal ya zama surukin wani. Ya ce da maƙwabta za su je Split a duba masa haƙori. Motarsa ja ce, kowa ya santa, don haka suka yi musaya da Bepo, ya karɓi tasa mai launin toka, irin wadda ido ba ya riƙewa.

Perina ta ɗinka shuɗiyar riga. Bartul ya fito mata da wata faffaɗar hula da baƙin tabarau da wata baƙuwa ta manta a bas shekaru da suka wuce, ba ta dawo nema ba.

"In na ce 'ƙasa', ki sunkuya."

"Na zo kallon teku ne ko kallon takalmina?"

"Sau goma sha bakwai ne kawai."

"Arba'in ɗin nan," in ji Perina, "kuskuren ma ban san girmansa ba."

Ranar da suka yi musayar mota, Bepo ya buɗe wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari ya nuna masa da yatsa.

"Wannan fiyus ɗin hon ne. Cire shi ka sa a aljihu."

Bartul ya dube shi kamar ya zagi mahaifiyarsa. "In hau titi da mota bebiya? Ni?"

"Na san hannunka, Kume."

"Hannuna ne. Ni nake ba shi umarni."

Ranar ta zo, Talata ta biyu bayan bikin Ista. Biyu da minti biyar daidai suka gangaro. Wanda bai ga bakin tekun nan a watan Afrilu da tsakar rana ba, bai san yadda ƙasa take barci da idonta a buɗe ba. Furanni masu ruwan shuni sun zubo daga katangu kamar an shanya su, ƙamshin furen lemo na shigowa ta taga, tsibirin Brač na kwance a ruwa kamar saniyar da ta ƙoshi. Ba kowa a titi sai inuwa.

"Duba, tsoho!" in ji Perina.

"Ina tuƙi. Ƙasa!"

Gidan Luce ya wuce, tagogi a rufe. Gida na biyu ya wuce. Na uku ma, da wandon mai gidan a kan igiya yana lilo shi kaɗai. Bartul ya duba agogo: suna gaba da jadawali da minti ɗaya. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ji kansa kamar shekarunsa talatin, hanya a buɗe, sitiyari na bin hannunsa. Har ya fara fito da baki. Kwanar ta taho, tsohuwar kwanar nan mai itacen ɓaure, ya rage gudu, ya karya kan mota yadda ya saba sau dubu goma.

Biyu gajeru, ɗaya dogo.

Ƙarar ta bugi dutse, ta dawo, ta gangara kan ruwa. Bartul ya dubi hannunsa na dama. Hannun na zaune a tsakiyar sitiyari, hankalinsa kwance, kamar wanda ya sauke farali.

Perina ta cire tabarau a hankali.

Teta Mande shekararta tamanin da tara. Ba ta jin ƙararrawar coci, ba ta jin likita, amma tagarta ta buɗe kafin dogon hon ya gama mutuwa. Kafin Bartul ya yanke shawarar gudu ko tsayawa, tana bakin titi cikin baƙaƙen kayanta, da sanda a sama.

"Bartul! Ɗana! Motar wa ka sato? Wace ce wannan Bajamusar? Perina? Me ya sami idonki?" Sai ta leƙa kujerar baya ta ga akwati. Ta ƙanƙance ido. "Ba dai wucewa za ku yi ba?"

"Haba, Teta," in ji Bartul da muryar da ba tasa ba. "Ai hon na yi."

"Ka yi kuwa. Ku shigo. Kun rame."

Kafin su zauna ta ɗaga waya. Ta kira gida na gaba, na gaba ya kira na gabansa. Bartul na jin labarin yana gangarawa kudu, kwana bayan kwana, yana buɗe tagogi, yana tayar da mata daga barci, yana sa a kama kaji. Teta ta sake hura wuta, ta ɗora naman ɗan rago da koren wake. Aka ci cuku, aka ci zaitun, aka ci naman, aka ƙara. Da aka gama, tsohuwar ta dafa kafaɗar Perina.

"Ke ai ba baƙuwa ba ce, 'yata."

Bartul na zaune da ƙaramin kofi a hannu, ƙofar kicin a buɗe. Yana hango bayan matarsa. Ta naɗe hannun shuɗiyar rigar har gwiwar hannu, ta ɗaura tsohuwar atamfar girkin Teta mai igiya a ƙugu, hular baƙuwar nan har yanzu na kanta, ta manta ba ta cire ba. Tagar da ke gabanta ƙarama ce, bangon ɗakin awaki take kallo. Da ta yi masa masifa, da ya ji sauƙi. Amma ƙarar faranti kawai yake ji, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin ta wanda ya daɗe da sanin haka abin zai ƙare. Ga kuma gida goma sha uku a gaba, kowanne da nasa kicin.

Ya duba agogo. Biyar saura kwata. Bas ɗin Bepo na isowa kwanar nan biyar da minti goma.

Ya tashi ya shiga kicin, ɗakin da bai shiga ba tun yana satar ɓaure. Ya kwance igiyar atamfar daga bayan Perina, ya ɗaura a kan nasa tumbin. Igiyar ta isa da ƙyar.

Teta Mande ta yi alamar gicciye. "Gara da ubanka bai ga wannan rana ba. Me ya same ka? Zazzaɓi?"

"Teta, alkawari na yi mata." Ya faɗa mata duka: farin mayafi, ruwa, farantin da za a bari a tebur. Har jan fensir bai ɓoye ba.

Tsohuwar ta tauna bakinta.

"Marigayi mijina ya ce zai kai ni Dubrovnik," ta ce. "Bayan girbin zaitun. Bai dai faɗi na wace shekara ba." Ta juya ga Perina, ta sauke mata hannun rigar da kanta, ta gyara mata hula. "Tafi, 'yata. Ko cokali ya faɗi ƙasa, kada ki ɗauka. Amma wannan," ta nuna Bartul da sanda, "an riga an yanka kaji saboda shi. Zai bi su gida-gida, ya ci nasa, ya ci naki."

Biyar da minti goma bas ya tsaya. Bepo ya buɗe ƙofa, ya ga Perina da akwati, ya ga motarsa a gefen titi, ya ga Bartul da atamfar girki mai furanni da kumfa har gwiwar hannu. Ya kifa kansa a sitiyari, yana ta dariya.

"Fiyus, Kume," ya ce da ya samu numfashi. "Fiyus ɗaya tak."

"Ka ba ta kujerar gaba, ta dama," in ji Bartul. "Kuma ka bi kwanar Gradac a hankali, tana son kallo."

Abin da Bartul ya ci a kwana biyun nan, har yau ana ba da labarinsa. Gida goma sha uku. Ya ci kaza, ya ci kifi gasasshe, ya ci kifi dafaffe, ya ci taliya da miyar nama sau huɗu, ya ci wainar blitva a gidan da aka san ba su iya ta ba, ya ce ta yi daɗi. A kowane gida tambaya ɗaya ce: ina Perina? In ya ce ta yi gaba, sai a dubi juna. Ba wanda ya yarda ba faɗa suka yi ba. Maza suka ja shi gefe suna ba shi shawara, mata suka ce sun daɗe da sanin halinsa ne zai kore ta. Kowa kuma ya ba shi abin biko: kwalbar man zaitun, busasshen ɓaure, zuma, buhun lemo, har da wata 'yar kyanwa da ya ƙi karɓa. Gida ukun farko da ya wuce a ɓoye su ma labari ya kai musu, suka aiko cewa suna nan, ba su mutu ba, in yana son sani.

Ranar Alhamis da tsakar rana ya iso Ston, bayan motar ya kusa taɓa ƙasa, bel ɗinsa a ramin ƙarshe. Ya same ta inda ta ce: tebur a bakin ruwa, farin mayafi, hula a kai. Rana ta ɗan taɓa mata hanci. Wani dogon mutum mai furfura, daga can wata ƙasa, yana ajiye mata kifi yana ce mata Madam.

"Ka yi latti," ta ce.

"Da kwana biyu. Ban taɓa yi ba."

"Na hau ganuwar garin har sama, ƙafafuna na zagina. Na ga inda suke shanya gishiri. Jiya na bar faranti uku." Ta ɗan juya cokali. "Sai dai ba wanda zan ce wa 'duba'. Na ce wa wani Bature sau ɗaya, ya duba kuwa. Ba daɗi."

Mai kawo abinci ya tambayi Bartul me zai ci. Bartul ya rufe ido, ya roƙi ruwan zafi da lemo.

Perina ta sa ya jawo kujerarsa kusa da tata, ta kama haɓarsa ta juya masa fuska.

"Ba ka tuƙi yanzu. Duba. Wane launi ne?"

Ya daɗe yana kallo. A bakin gaɓa kore ne, kana ganin duwatsun ƙasa. Can gaba ya yi shuɗi irin na rigarta. Can ƙarshe kuma, inda iska ke taɓa shi, ya zama fari yana ƙyalli har ido ya gaji. Wani ƙaramin kwalekwale na tsaye a kai, ba ya zuwa ko'ina.

"Ashe ba ɗaya ba ne," ya ce. "Shi ya sa fasinja ba su taɓa ba ni amsa guda ba."

Ta ci kifinta a hankali, har ƙaya. Tana ba shi labarin ganuwa, shi yana ba ta na wainar blitva. Ana cikin haka, ba ta ko kallo ba, hannunta ya jawo ƙaramin farantinsa, ya ɗora a kan nata, ya fara tattara ƙaya gefe ɗaya da wuƙa, ya miƙa zai ɗauko kofi. Kwana biyu ta yi ita kaɗai hannun bai motsa ba. Da mijinta ya zauna a tebur, ya tuna aikinsa.

Bartul ya ɗora tafinsa a kai.

"Tsohuwa," ya ce, "kin danna hon."

Ta dubi hannun. Ta dubi farantan da ta jera. Sai dariya ta kama ta, har hular ta zame, har mai furfurar nan ya leƙo ko lafiya. Ta sauke ƙaramin farantin ta mayar gabansa, ta baza ƙayar yadda take, ta ɗauki tsumman goge baki ta jefa a kai a yamutse.

Suka tashi. Ya riƙe hannunta gam, don ya san shi. Sun yi taku goma ta waiwaya, sun yi ashirin ta sake waiwaya. Farantan na nan a kan farin mayafi, rana na dukansu, ba mai su.

"Gobe in za mu koma," in ji Bartul, "akwai gida ukun nan da muka wuce."

"Ka gaishe su," in ji Perina. "Bepo ya ajiye mini kujerar gaba."